Yaya Asabe, Na Koyi Cewa A Sake Ni

Zuwa ga Yayata Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar ƙanwa, tare da roƙon Allah ya kai haske kabarinki. Na san babu ɗan aiken da zai kai miki wannan takarda, ba kuma za ki karanta ta ba. Da ma can ko da kina raye, sai in tura miki saƙo ya kwana ya wuni ba ki buɗe ba, in na yi ƙorafi ki ce aiki ne ya sha miki kai. To yau ma zan rubuta abina, ai na saba.

Bari in fara da abin da ya zaunar da ni, don in na tsaya kewaye-kewaye zan iya fasawa. Yaya, na ji wani ƙullutu a nonona na hagu. Tun kafin azumin da ya wuce na ji shi, ina wanka. Ƙarami ne kamar ƙwayar gurjiya, ba ya motsi, sai an danna yake zafi. Nan take na gane shi, don irinsa ne ya raba mu da ke. Kin san abin da na yi? Abin da kika yi. Na sa kayana, na tafi ofis, na ja bakina na yi shiru.

Kafin in ci gaba, ga labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Nanarki tana nan wurina lafiya. Ta yi tsawo har ta wuce ni, ta kuma ɗauko tafiyarki sak, wannan ta jan ƙafa kamar ba ta son isa inda za ta. Ta iya miyar kuka amma gishiri na yi mata gardama. Maigidana Baban Walid yana riƙe da ita kamar shi ya haife ta, ba ni da abin cewa a kansa sai godiya. Inna tana Zariya, ƙafa ta matsa mata, amma bakin yana nan yadda kika bar shi. Har yau in aka ambace ki sai ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙuri irin Asabe ba. Kowa haka yake faɗa. A zaman makokinki babu wanda ya shigo bai faɗi haka ba, ni kuwa duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in tashi in bar ɗakin.

Akwai abin da ba ki sani ba, kuma na san da kina nan sai kin yi dariya har da riƙe ciki. Ni, Rakiya, da ko tsallake kwata sai na yi bisimilla sau uku, na shiga koyon judo. Wata irin kokawa ce da ake koya wa mutum ya kare kansa. Dalili kuwa, bayan rasuwarki na faɗa hannun 'yan wan-cans. Na taso daga aiki na tari tasi a Jabi, ashe direban da fasinjojin duk bakinsu ɗaya. Suka danne ni a kujerar baya, suka sha ni da mari, suka ƙwace waya da jaka, suka watsar da ni a hanyar Mpape. Allah ya tsare, da raina na dawo. Amma na daɗe ko Nana ce ta dafa ni ta baya sai na zabura. Wata abokiyar aiki ce ta nuna mini wani ɗaki a saman shaguna, nan Jabi, inda mata zalla suke horo ranar Asabar da Lahadi. Baban Walid ya ce in je, wai ko ba komai na rage tumbi.

Mai koya mana sunanta Koci Ladi, 'yar Gbagyi ce daga Ushafa. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma in ta kama wuyan rigarki sai ki ji kamar an ɗaure ki a turke. Hausarta irin ta Abuja ce, duk mu mata ne amma kowa kai take ce masa. Na je da zafina, ina so a koya mini yadda zan karya hannun ɗan iska. Sai ga shi wata da watanni ba a koya mini komai ba sai faɗuwa. Ki faɗi ta baya, ki faɗi ta gefe, ki tashi, ki sake faɗuwa. Na yi mita, ta ce uwarta maginiyar tukwane ce, kuma tukunyar da aka sa a wuta ba ta bushe ba fashewa take yi. Na haɗiye, na ci gaba da faɗuwa. Cinyoyina suka yi tsami, sujada ma sai da dabara. A nan kam na yi haƙuri, kuma na ga amfaninsa, don a hankali na daina zabura in an taɓa ni.

Abokiyar horona Hajiya Tani ce, mai shagon atamfa da turaren wuta a ƙasan ɗakin. Bakatsiniya ce, ta kusa yin biyuna, ga barkwanci. Kullum sai ta ce Bazazzagiya ba ta da ƙarfi sai na baki, ni kuma in ce ai ita ba kokawa take yi ba, zama kawai take yi a kan mutum. Da ita aka haɗa mu lokacin da aka fara koya mana maƙura da murɗe hannu.

A nan ne akwai wata doka, Yaya, kuma saboda ita nake ba ki duk wannan labari. In abokiyarki ta murɗe miki hannu ko ta maƙure ki, kika ji abin ya kai inda ba za ki iya ba, sai ki bubbuga jikinta ko katifa da tafin hannu. Ma'anarsa a sake ni. Da ta ji, dole ta saki nan take, babu tambaya, babu gori. Sai ku tashi ku sake farawa. Kowa a ɗakin yana yi, har ita Koci in tana nuna mana abu. Ni kaɗai ce ba na yi.

Ba wai na ƙudura ba ne. Hannun ne kawai ba ya tashi. Sai in ji zafi har cikin kaina, in cije leɓe, in ce bari in ƙara jurewa kaɗan. A gidanmu wa ya taɓa cewa wayyo? Ke kike yi mini kitso ina ƙarama, in na yi motsi ki ce mace ba ta raki. Na ga Inna ta ƙone da man gyaɗa ta gama tuyarta kafin ta nemi magani. Na ga kin yi naƙudar Nana ba wanda ya ji muryarki a tsakar gida, aka yi ta yabonki har ranar suna. Da wannan aka raine mu, ni kuma na ɗauka shi ne mutunci.

Wata Asabar Hajiya Tani ta kama hannuna na dama ta miƙar da shi a kan cinyarta, tana ja a hankali tana jiran in buga. Ban buga ba. Ta ƙara ja, ta ɗauka ba ta kama daidai ba ne. Sai muka ji ƙas a gwiwar hannun. Targaɗe ne mai kyau, sai da na yi makonni hannu na rataye a wuya. Amma ba zafin ne ya tsaya mini a rai ba. Hajiya Tani ce, wannan ƙatuwar mata mai dariya, ta zauna a katifa tana kuka kamar yarinya, tana cewa me ya sa ban gaya mata ba, me ta yi mini da zan bar ta ta ji mini ciwo da hannunta.

Koci Ladi ba ta yi mini sannu ba. Ta jira na warke na dawo, sannan ta tsayar da ni gaban kowa ta wanke ni tas. Ta ce abin da na yi ba jarumta ba ce, zalunci ne, don na mai da abokiyata mai laifi ba da saninta ba. Ta ce wadda ba ta buga hannu ba a iya horo da ita, don ba wanda zai saki jiki ya kama ta. Ta ce juriya ita ce ki buga yau ki dawo gobe, ki yi ta dawowa har shekara goma, ba ki cije yau a kwashe ki ba. Daga nan ta hana ni kokawa. Aikina kawai a kama ni a hankali, ni kuma in buga tun kafin in ji zafi. Mace da 'ya'yanta, ma'aikaciyar gwamnati, ana koya mata cewa a sake ni kamar mai koyon tatata. Girma ya faɗi, amma na yi.

A hanyar gida ranar nan ke nake ta tunani. Yaya, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina jin haushinki. Na yi miki wanka, na yi miki addu'a, ina kewarki kullum, amma haushin yana nan. Kin fi shekara kina ɗauke da ciwon nan ke kaɗai. Muna gari ɗaya, muna haɗuwa kowane mako, kina dafa mana shinkafa da wake kina dariya. Sai da ya fashe, sai da wari ya tona, sannan muka sani. Likita ya dube mu ya ce ina muke tuntuni? Ina muke, Yaya? Muna gabanki. Kin ce ba kya son ɗaga mana hankali. To hankalin wa ya kwanta? Nana har yau tana ganin da ta lura da yadda kike ɗaura zane sama-sama da ba ki mutu ba. Yarinyar da ba ta gama firamare ba a lokacin, ita take ɗauke da wannan. Kukan da Hajiya Tani ta yi na rana ɗaya ne, namu har yanzu ba mu gama ba.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ko da an kai ki asibitin da ya fi kowanne. Ban ja da ƙaddara ba. Amma da an bar mu mun yi iya namu, da ciwon rashinki bai zo da wannan tambayar ba. Kuma ga abin kunya: duk wannan haushin da nake ji, ni ma ina ɗauke da nawa ƙullutun a ƙarƙashin rigar horo, ina zuwa ina dawowa, ban gaya wa kowa ba. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, ni kuwa na gani da idona bai ishe ni ba. Tsoro nake ji. Ina ganin muddin ban faɗa ba, abin bai tabbata ba. Ke ma haka kika ji? Sai yanzu na gane wataƙila ba haƙuri ba ne kaɗai ya rufe miki baki, kuma da na gane haka sai haushin ya ragu, tausayi ya shigo.

Makon jiya Koci ta yarda na koma kokawa. Hajiya Tani ta kayar da ni, ta danne ni da ƙirjinta kamar yadda aka koya mana, nauyinta ya sauka daidai wurin. Zafi ya ratsa ni. Kafin in yi tunani hannuna ya buga bayanta. Ta saki nan take, ta koma gefe tana kallona, don ta san wannan riƙon ba ya sa a buga. Ba ta tambaye ni a gaban mutane ba. Sai da muka sauka shagonta, ta tura yarinyarta sayen ruwa, ta ja labule, ta ce in faɗa mata gaskiya don Allah. Na buɗe baki zan ce ba komai, kalmar da muka gada. Sai na kasa. Na kama hannunta na ɗora a wurin.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in kira Baban Walid a gabanta, in ba haka ba ita za ta kira shi. Washegari ta rufe shago, abin da ko ranar sallah ba ta cika yi ba, ta raka mu asibiti. An yi hoto, an sa allura an ɗebi ɗan abin da za a gwada. Likitar ta ce ba za ta ce komai ba sai sakamako ya fito, amma ta ce gara da na zo yanzu. Baban Walid bai yi mini faɗa ba, sai da muka kusa gida a mota ya ce ashe haka na ɗauke shi. Wannan maganar ta fi targaɗen zafi.

Saura Nana. Na yi ta juya abin a raina. Inna da za a tambaye ta cewa za ta yi a rufa wa yarinya, kada a tayar mata da tsohon miki. Ni ma na so haka. Amma jiya da la'asar tana tsince shinkafa na zauna kusa da ita na gaya mata komai, har da cewa ban san abin da gwajin zai nuna ba, har da cewa ina jin tsoro. Da ta ɗago, abu ɗaya ta roƙa, wai in za a je karɓar sakamako a tafi da ita, kada a bar ta a gida ta ji a bakin mutane kamar wancan karon.

Gobe Litinin za mu je. Na nema mata izini a makaranta. Ban san abin da ke cikin takardar ba, Yaya. In alheri ne, alhamdu lillahi. In kuma irin naki ne, to akwai doguwar kokawa a gabana, kuma zan yi haƙuri da ita iyakar ƙarfina, amma ba a ɓoye ba. In ya yi zafi zan ce ya yi zafi. Wataƙila ranar da na tafi ba za a ce ba a taɓa ganin mai haƙuri irina ba. Na yafe wannan yabon.

Ki yafe mini da na saɓa wa tarbiyyarki. Ni ma na yafe miki, yau da bakina na faɗa, har cikin zuciyata. 'Yarki za ta zauna kusa da ni a gaban likita, ta ji da kunnenta, ta riƙe hannuna. Abin da ta so ta yi miki ke nan.

Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta. Sai mun zo.

Ƙanwarki mai raki,
Rakiya