Ranar da Aka Fasa wa Abba Kai a Bakin Tafki

Dhaka, 9 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Mofizul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da Anti Shirin da yara kuna lafiya a can Maskat. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Umma tana nan, sai ciwon gwiwar da ka sani.

Yaya, gara ka ji daga bakina: an fasa wa Abba kai ranar Talata. Ka san filin bakin tafki da Jalil ya mamaye da kekunan hayarsa. Tun bara Abba da tsofaffin unguwa suke bi gida-gida suna tambayar tsaransu abin da ya hana su fita. Kowa ya ce ba wurin zama, ba wurin sa ƙafa. Suka yi ta sintiri wurin kansila har aka ba su rabin filin, mu kuma muka haɗa hannu aka kafa benci takwas.

Ranar buɗewa da hantsi sai ga Jalil da ƙarti goma, riƙe da rodi da sarƙar keke. Ya ce wa Abba wai me tsohon da kabari ke kira zai yi da benci. Abba ya ce masa ai shi ya riƙe masa ƙafafu ranar kaciyarsa, kuma har yau unguwa ba ta manta ihun da ya yi ba. Jama'a suka kwashe da dariya, sai rodi ya sauka a kan Abba. A idona jini ya rine farin gemunsa. Kaka Horipada, abokin shan shayinsa, ya faɗa a kansa don ya kare shi, suka yi ta dukansa har suka karya masa haƙarƙari. Inna Rokeya, da shekarunta tamanin, ta maƙalo wuyan ɗayansu da sandarta tana kiransa ɗan asara. Mu mata muka fito da tafasasshen ruwan shinkafa da wuƙaƙen gyaran kifi. Ashe ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba: ƙartin suka ranta a na kare. Jalil yana hannun 'yan sanda.

Kaka Horipada ya cika ranar Alhamis. An yi wa Abba ɗinki goma sha ɗaya. Da na ce zan roƙe ka ka ɗauke shi, sai ya harare ni, ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Jiya ya koma filin da bandeji a ka, ya zauna a benci ɗayan da ƙartin ba su farfasa ba. Tsofaffi sun fi arba'in suka biyo shi, kowa da kujerarsa ta gida.

Saboda haka kada ka aiko masa da tikiti. In da hali, kai ka zo.

Ka gaishe da Anti Shirin da Tanvir da Mitu. Umma tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Shamsun Nahar