Hoton Ruwan Sama na Tsoho Liang

Yaya Tankari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maraɗi. Isufu zai taho gida daga nan Guangzhou, shi ne na ba shi wannan.

Albishirinka! Tsoho Liang, mai shagon hotunan Japan da ka haɗa mu a unguwar Liwan kafin ka koma, ya karɓe ni hannu biyu. Duk Juma'a in na fito daga Masallacin Huaisheng, can nake zarcewa. Ya nuna min yadda ake sassaƙa zane a katako, a buga shi a takarda, kowane launi daban. Jiya kuwa ya ɗauko hoton ruwan sama a kan gada, ya ɗora min a tafin hannu. Yaya, har jijiyar katakon ana gani cikin gajimaren!

Ƙaninka,
Salihu

Malam Salihu,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya lau.

Na ga takardarka. Ashe abin ya yi sauƙi yanzu. Ni na yi shekaru ina zuba wa tsohon nan shayi kafin ya bar ni in hure wa hoton nan ƙura, kai da wandunan kasuwar Shisanhang suka kai ka China har an ɗora maka shi a hannu. To, madalla. Sai dai riƙe abu daban, saninsa daban. Ka iya raba bugun farko da wanda aka sake bugawa bayan katako ya gaji? Kada ka cika min takarda da gajimare.

A gaida mutanen masallaci.
Tankari

Yaya Tankari,

Bayan gaisuwa mai yawa. Maganarka ta yi min zafi, amma ta faɗa daidai.

Idon Tsoho Liang ya yi rauni, ya rufe shago, 'yarsa ta tafi da shi garin Foshan. Ranar sallama ya shimfiɗa hoton ruwan nan guda biyu, iri ɗaya, ya ce, "Zaɓi bugun farko, naka ne." Na duba hatimin gefe, na juya baya na ga sawun gugar hannu, na ɗauki wanda launinsa ya fi ƙyalli. Ya girgiza kai ya ce, "Ka dubi layukan ruwan, sun yi kauri. Da Tankari ne, daga bakin ƙofa zai gane."

Tun da na fara zuwa wurinsa, Yaya, ba ranar da bai auna ni da kai ba. Ban taɓa rubuta maka ba don ba na son ka ji daɗi.

Ni ya ba ni na baya. Na farkon ya naɗe da hannunsa ya ce in aika maka. Yana nan ɗakina. Isufu ya sake tafiya, ban ba shi ba. Kullum sai na buɗe shi, kuma wallahi har yanzu ban ga abin da kai za ka gani ba.

Ƙaninka,
Salihu

Salihu ƙanena,

Sallama da fatan alheri.

Kada ka ba kowa, kada ka sa shi a kwantena, kada rana ta taɓa shi. Bayan Sallah ina tafe, mu je Foshan tare, in nuna maka layukan a gabansa.

Amma kafin nan, sauran abin da tsohon ya faɗa a kaina, rubuto min duka. Kada ka rage ko kalma.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayanka,
Tankari