Ɗana ba ya tsayawa ya buɗe kapo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, a ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce a Matamaye, ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba, maƙwabciyata malamar makaranta ce take rubuta abin da nake faɗa, in kun ga magana ta karkace, kuka ne ya karkatar da ita.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne, Matamaye zuwa Damagaram ya yi ta yi har ya tsufa. Yana da wata ɗabi'a da duk tasha ta sani. In wani ya ɓata masa rai a hanya, ko mai amalanke ya tsaya masa a tsakiyar kwalta, ko jandarma ya riƙe masa fermi, wato takardar tuƙi, ba dalili, ba ya tanka wa kowa. Sai ya gangara gefe, ya fita ya buɗe kapo, murfin injin mota, ya tsaya yana duba ruwan mota alhali ruwan a cike yake, sai zuciyarsa ta sauka sannan ya rufe su tafi. Fasinja suna cewa motarsa ciwo gare ta, abokansa suna masa tsiya suna kiransa Mai-kapo, shi dai dariya yake yi. Yakan ce min, sitiyari da birki da harshena su ne a hannuna, jaki da mai jaki da ramin hanya ba a ba ni su ba, don me zan yi faɗa a kan abin da ba nawa ba. Malama ta ce wai wasu masu hikima na ƙasar Girka sun koyar da haka tun zamanin da. Ni ban san su ba, shi ma bai san su ba.

A kan hanyar ya rasu. Kamyo ne, babbar motar kaya, ya bar hannunsa ya shigo nasa kusa da Kance. Har yau in na ji an buga kapo a waje sai gabana ya faɗi.

Ɗa ɗaya namiji ya bar min, shi ke ciyar da ni da matarsa da yaransa. Alhajin da marigayi ya yi wa tuƙi shi ya ba yaron mota, bai tambaye shi komai ba, ya ce ɗan Mai-kapo ai ba sai an gwada shi ba. Na sha jin ƙishin-ƙishin cewa yana da zafi a hanya, ban yarda ba, sai da ya ɗauke ni zuwa asibitin ido a Damagaram. Na zauna a baya cikin mata, ba wanda ya san ni ce uwarsa. Wani kamyo ya matse mu har tayarmu ta taɓa ƙasa. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same mu. Amma yaron nan sai ya bi shi, mota cike da mutane, yana gudu yana zagi, ya shige shi a kan kwana ba ya ganin abin da ke zuwa, ya sha gabansa ya taka birki. Wata mai goyo kusa da ni salati kawai take yi. Wani dattijo ya ce, wai wannan ba shi da uwa ne da za ta faɗa masa? Na ja mayafina na rufe fuska.

Da muka dawo na zaunar da shi, na tuna masa yadda babansa yake yi. Bai ɗaga min murya ba, abin da ya faɗa ne ya fi ihu ciwo. Ya ce Inna, Baba ya yi ta buɗe kapo yana haƙuri da su, ƙarshe su suka kashe shi, ni ba zan tsaya a gefe a taka ni ba. Na haɗa shi da kawunsa, na haɗa shi da liman, a gabansu ya ce to, washegari matarsa ta ce ya dawo da riga a yage. Addu'a kuwa har na gaji da jin muryata.

Alhaji yakan zo gaishe ni bayan Juma'a, kullum sai ya tambaya, yaya yaronmu, yana bin sawun babansa? Kullum ina cewa alhamdulillahi. In na faɗa masa gaskiya zai karɓi makulli, tasha duk za ta ji, ba mai sake ba ɗana mota, kuma yaron ya taɓa cewa ranar da aka raba shi da ita Agadas zai nufa, ba zan ƙara ganinsa ba. In na yi shiru, kullum yana fita da 'ya'yan mutane a bayansa, kuma ni na gani da idona. Wasu sun ce zuciyarsa ba a hannuna take ba, in bar wa Allah. To amma bakina a hannuna yake, shi ya hana ni sakewa.

Ban sa rai zai canza ba, na riga na cire wannan. Ko ta wace hanya na duba, rasa shi nake gani. Ku da kuke da iyaye, da ku da kuke tuƙi, Juma'ar nan in Alhaji ya zauna a tabarmata ya tambaye ni, me zan ce masa?