Kumburin Da Aka Kira Ƙiba

Zuwa ga ƙanwata Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Dalilin wannan takarda: 'yarki Ummi, wadda kika bar mini kwana ɗaya da haihuwarta, tana da ciki wata bakwai. Dangi sun aiko, wai ranar Juma'a za su zo su ɗauke ta goyon ciki Rigachikun, gidan da aka kai ki. Na ce ba inda za ta.

Kin ci amanata, Binta. Shekara kusan ashirin ina haɗiye wannan magana.

Kin tuna ranar da na zo gidanki a Doka? Zobenki ya nutse a yatsa, silifas ya ƙi shiga ƙafarki. Na tambaye ki me aka ce a wurin awo. Kika rufe fuska da gyale kina dariya, kika ce, "Kai, Yaya, lafiya lau." Cikin fari ne, ba a zancensa, sai na bar ki da kunyarki.

A Rigachikun Gwaggo ta dube ki ta yi guɗa, wai ciki ya karɓe ki, kin yi kumatu. Aka shiga ɗura miki man shanu da romon ƙashi. Da kika ce kanki na sarawa, idonki na ganin hazo, aka ce laulayi ne. Da jijjiga ta kama ki, aka turara miki hayaƙi, wai iska ce. Sai da rana ta karkata aka nemo mota.

A zaman makokinki mijinki, ma'aikacin sakatariya guda mai biro uku a aljihu, ya ce da baƙi, "Ai dama an gaya mata jininta ya hau." Ya sani. Kin sani. An ce ki riƙa zuwa awo duk mako, kuka ga bai dace a ce wa manya ba za a je goyon ciki ba.

Tun daga nan nake karanta duk abin da na samu. Ashe jikin mai ciki yakan sauya yadda yake sarrafa kitse, ya tura shi cikin jini saboda ɗan da ke ciki. A wasu matan abin yakan wuce kima, ya zo tare da hawan jini. Likitoci ba su gama gane shi ba, don haka ban ce man shanun Gwaggo ne ya kashe ki ba. Amma abin da ake wa guɗa ruwa ne, ba ƙiba ba. Ke kuwa an gaya miki.

Ummi ta ɗauko muryarki, har da wannan dariyar. Jiya ta ce mini "lafiya lau", na danna yatsa a ƙafarta, wurin ya lotsa bai taso ba. Na ja ta asibiti, na shiga tare da ita, na tambayi nas da babbar murya. Jinin ya hau. Sun ba ta magani.

Za su ce ba ni da kunya, na raba zumunci. Su faɗa. A ɗakina na Mando za ta zauna har ta sauka.

Har yanzu fushi nake da ke, auta, kuma har yanzu in na dama kunun gyaɗa sai na rage miki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya sauki Ummi lafiya, ta goya ɗanta da bayanta.

Yayarki,
Rabi