Finjalin da Usama Ya Cika

Zahir, Makka

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da Abba, ina yi muku sannu da sanyin Ohayo. Ga wasiƙar da Hausa kamar yadda kika kafa mini doka, ki yi haƙuri da kurakurai.

Karatu na tafiya. Kullum in karya da burodin tamis da wake, in hau bas zuwa makarantar Larabci, malam ya yi ta dariyar yadda nake shaƙe haruffan maƙogwaro. 'Yan aji ba sa kirana sai Amriki, wato Ba'amurke. Duk wannan da sauƙi. Umma, na tafka abin kunya a gidan Kawu Rabe.

Kin san Alhaji Abdulganiyyu, amininsa da suka shekara shida ba sa ga maciji. Ranar Talata bayan la'asar sai ga shi da ƙafarsa, ya zo neman sulhu. Talal ɗan Kawu ba ya gida, aka ce in zuba gahawa. Ni da na yi shekara biyu ina aiki a shagon kofi a Kolambas, inda mai saye zai harare ka in bai ga kofinsa ya cika ba! Na cika masa finjali taf, har da murmushina. Tsohon ya dubi finjalin, ya dubi Kawu, ya ajiye. Ya ce, "Halas, shi ke nan, na gane." Ya sa takalmansa ya fita.

Sai da Talal ya dawo na ji bayani. A nan ɗan kaɗan ake zuba wa baƙo, a yi ta ƙara masa. In ka cika, ka ce masa ya sha ya tashi ke nan. Talal ya ce Alhaji zai ɗauka Kawu ne ya kitsa mini.

Kawu bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu yana amsa gaisuwata ba ya ɗago kai. Kunya ta hana ni cin abinci tare da su. Ina so in koma ɗakin kwanan ɗalibai.

Ɗanki,
Usama

Kolambas, Ohayo

Autana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Abbanka na gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka na dafe kai. A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, tun ban kai tsawon butar gahawa ba nake zuba ta. Amma shekara ashirin ina kallonka kana kurɓar kofi a kofin takarda mai girman bokiti, ban taɓa zaunar da kai na nuna maka ba. Rabin kunyar nan tawa ce.

Maganar ɗakin ɗalibai kuwa, kada in sake ji. Ka ɓata, sannan ka kwashe kayanka ka bar yayana da ɓarnar? Mutanen nan biyu tare suka yi wayo, yanzu kowannensu ya haura saba'in. Ba su da wata shekara shidan da za su zubar. Ka je shagon turaren Alhaji Abdulganiyyu a Jarwal, kai kaɗai. Ka durƙusa, ka faɗi gaskiya da Hausarka mai gargada.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Hadijatu

Zahir, Makka

Umma,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na je.

Ban gama ba da haƙurin ba ya tare ni. Ya ce, "Tashi, ya waladi, tashi ɗana. Tun daga riƙon butarka na san ba ka san komai ba. Ni na yi wa Rabe laifi tun farko. Na zo in ce ya yafe mini, bakina ya ƙi buɗewa, sai ka ba ni hanyar gudu." Yana maganar yana goge kwalbar da ba ta da ƙura.

Ya ce zai dawo gidan Kawu ranar Juma'a, amma ya roƙe ni kada Kawu ya ji wannan. Na yi masa alkawari. Saboda haka a gida har yanzu ni ne Ba'amurken da ya kori baƙo, Talal ma bai daina tsokanata ba. Zan iya ɗauka.

Umma, ke ma don Allah kada ki faɗa wa Kawu.

Ɗanki,
Usama