'Yata ta gano kuskure a lissafin kawunta

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni ba wani boko na yi mai zurfi ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Babbar 'yata aikin kwamfuta take yi. Su ne masu rubuta umarnin da ke sa kwamfuta ta gane abin da na'urar auna sanyi ke faɗa, irin wadda ake maƙalawa a firjin ajiye magani. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a sashensu. Shi ya riƙe ta tun rasuwar babanta, shi ya koya mata aikin, shi ya kai ta wajen.

To kwanan nan sai na ga yarinya ta daina cin abinci, sai juya cokali. Da na matsa mata, ta ce kuskure ta gano a rubutun kawunta. Na ce ban gane ba. Ta ɗauko ƙwai bakwai a kicin ta ce in raba wa mutum biyu. Na ce uku-uku, saura ɗaya. Ta ce to ita kwamfuta, a irin wannan lissafin, ragowar nan zubar da ita take yi, ko uffan ba za ta ce ba. Shi kuma kawu rabawa ya fara yi kafin ya ninka, sai ɗan abin da aka zubar ya zama babba. Wai firji zai iya ɗumama ya wuce ƙa'ida, allo yana nuna lafiya lau, ƙararrawa ba ta yi kuka ba. Ni dai ƙwan na mayar.

Matsalar, a wajensu ba a gyara a ɓoye. In ta tura gyaran kowa zai gani, har da sunan wanda ya rubuta layin da ke da kuskuren. Yaya kuwa mutum ne mai zuciya, ko gishiri ka ce ya yi yawa a gidansa sai ya yi wata bai gaishe ka ba. Na ce mata ta yi shiru, ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Anti, in ya juya mana baya wa gare mu? In hana ta ne?

Uwar marayu

Amsa:

'Yar'uwa, tsoronki ba na banza ba ne. Wanda ya riƙe miki maraya ya cancanci a kiyaye mutuncinsa. Amma kada ki hana ta. Maganin da ke cikin firjin nan jikin ɗan wata za a sa wa, kuma mai ɗan nan ita ma uwa ce kamarki.

Na tambayi wata mai wannan sana'a. Ta ce kuskure ne da manyan gwanaye ma ke yi, gyaransa kuma kaɗan ne: a fara ninkawa sannan a raba, a kai ragowar ga lamba mafi kusa, a kuma gwada da sanyin da ya yi ƙasa da sifili. Ba abin kunya ba ne.

Abin da zai ƙona wa yayanki rai shi ne ya fara gani a gaban jama'a. Don haka 'yarki ta same shi gobe, su biyu kawai, da lambobin gwajinta a hannu. Ta ba shi zaɓi: ya tura gyaran da kansa, ko su tura tare. In ya ƙi, ta tura, cikin ladabi, ba tare da jinkiri ba. Ke kuma kada ki shiga tsakani, maganar aiki ce.

Zai iya yin fushinsa na wata guda. Ki ci gaba da gaishe shi. In ya huce, ki tuna masa wanda ya koya wa yarinyar nan duba lissafi har ta iya gano wannan.

Allah ya bar zumunci, ya yi mata albarka. Yau ki zuba mata abinci da kanki, ki ce kina bayanta.