Ashe da Rana Suke Buɗewa

Zuwa ga hasken idona, inuwata, farin watan gidana, ruwan sanyin da na yi ta sha ban taɓa tambayar wa ya cika randar ba.

Ina fatan jiki ya yi sauƙi. Jiya yayanki ya same ni a gidan burodi, ya tsaya a bakin tanda ya ce, "Ta ce in gaya maka ka sawwaƙe mata." Na ce na ji, na koma na ci gaba da kwaɓa fulawa. Wallahi ko gabana bai faɗi ba. Tun ranar da cikin nan ya zube kika koma wajen Inna haka nake, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina cin abinci, ba na jin gishiri. Tire ya ƙone ni a hannu, sai da na ga tabon na sani.

Kin tuna furannin gazaniya da kika shuka a tsofaffin bokitai a gindin taga? Ina fita da asuba suna tsuke, in dawo bayan magariba suna tsuke, in ce furannin nan naki sun fi mai su rowa. Ke kuma ki harare ni ki ce, "Kai dai ba ka gida ne." Ni duk a zatona mai sayar da iri ya cuce ki.

Yau injin kwaɓi ya lalace, na dawo gida da azahar. Ya sanyin zuciyata! Ina buɗe ƙofa na gan su a buɗe tar, rawaya da ruwan lemo, kowace da baƙin zobe a tsakiya kamar an ja mata kwalli, duk sun ɗaga fuska suna kallon rana. Ashe kullum haka suke yi? Ashe wannan kike son nuna mini, ina ta yi miki tsiya? Me kuma ya buɗe a gidan nan ya rufe ba na nan? Dariyarki? Kukanki?

Ban yi kuka ba, hawayen ma sun ƙi zuwa. Sai kawai na zauna a kan turminki har inuwar katanga ta hau kansu suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Ban rubuta abin da aka aiko nema ba. Na bar wa abokin aikina kwaɓin rana, daga yau ƙarfe sha biyu a gida za ta riƙa samuna. Ki zo sau ɗaya, tauraruwata, da tsakar rana, mu gan su tare. In kin dube ni a cikin hasken nan kin maimaita da bakinki, zan rubuta, ba zan wahalar da ke ba. In ba ki zo ba, zan ci gaba da ba su ruwa kaɗan-kaɗan yadda kike yi, kada saiwarsu ta ruɓe.

Naki, yau da gobe da ranar da za a ɗauke ni,
mijinki, wanda yanzu yake gida da rana.